Wa Ya Ƙirƙiro Makullin Mota Mai Rimot?

Tambayar ta fito daga wani mai gyaran wayarin mota a unguwar Briqueterie da ke Yawunde.

To Malam, sannu da aiki. Sunan mutumin Paul Lipschutz, Bafaranshe da ya yi aiki a kamfanin Neiman. Ka san sunan kamfanin nan, domin a garejojin Kamaru har yau "neiman" ake kiran wurin da ake zura makulli a tayar da mota. Daga sunan Paul Lipschutz aka samo "plip", kalmar da Faransawa ke kiran rimot ɗin da ita.

Motar Renault Fuego ce ta fara fitowa da shi a 1982. A lokacin, da hasken infrared yake aiki, kamar rimot na talabijin, sai ka matso kusa ka saita shi daidai kafin ƙofa ta buɗe. Na yanzu igiyar rediyo yake aikawa, 433 MHz a motocin Turai, 315 a na Amurka, kuma lambar sirrinsa tana sauyawa duk dannawa.

Idan an kawo maka wanda ya ƙi aiki, don Allah fara duba ɗan batirin nan mai kamar kwabo kafin ka kwance ƙofa.