Darasi Na Sha Bakwai: Fatsar Karfasa a Kogin Gurara

Idan ka tashi daga Suleja ka nufi Minna, za ka ratsa Ƙaramar Hukumar Gurara, wadda hedkwatarta take Gawu Babangida. Daga sunan kogi aka samo sunan ƙaramar hukumar. Kogin Gurara ya taso daga Jihar Kaduna, ya bi ta Izom, ya gangara kudu har ya zuba a Kwara, wato Neja. Baƙi sun fi sanin sa saboda matsirgarsa, inda ruwa yake faɗowa daga kan duwatsu masu tsayin kimanin mita 30. Mu dai yau fatsa za mu je koyo, kuma babbar karfasa muke nema.

Kamun kifi shi ake kira su, mai yin sa kuma masunci. Masunta suna da kayan aiki iri-iri. Akwai taru, akwai birgi wanda ake jefawa ya buɗe a kan ruwa, akwai kuma koma, wadda dubban mutane suke shiga ruwa da ita a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934. Fatsa ita ce ƙaramarsu duka: sanda ɗaya, zare ɗaya, ƙugiya ɗaya. Yaran bakin kogi sukan fara da ita. Su sari gora, su ɗaura zare, su tono tana a wuri mai laima su soka a ƙugiya. Da haka kowa yana iya kama 'yan ƙananan kifaye kamar yatsa. Kama babbar karfasa, mai faɗin tafin hannu biyu, shi ne yake bukatar ilimi.

Fara da sanin kifin. Karfasa, wadda wasu suke kira gargaza, kifi ce mai faɗin jiki, mai ɓawo, da ƙaya a gadon baya. Bakinta ƙarami ne idan aka kwatanta da na tarwaɗa, don haka babbar ƙugiya ba ta da amfani a kanta. Yawancin abincinta gansakuka ne da ganyayen ruwa, amma takan ci tsutsa da ƙananan ƙwari. Ba ta son ruwa mai gudu da ƙarfi. Neme ta a kwarmin da ruwa ya kwanta, a gindin dutse, ko ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo kan kogi. Ƙananan sukan yi garke a baki-baki, suna rububin duk abin da ya faɗo. Babbar takan tsaya can baya, inda ya ɗan fi zurfi, tana kallo. Ai da ta kasance mai rububi, da ba ta yi tsawon ran da za ta girma ba.

Hausawa suna cewa, "Kifi na ganin ka, mai jar koma." Akan faɗi wannan karin magana ga mai shirya wa wani makirci, yana zaton ba a gane shi ba. A bakin ruwa kuwa, maganar a zahiri take. Kifi yana ganin inuwarka, yana ganin farar rigarka, kuma yana jin takunka ta cikin ruwa tun kafin ka iso. Na koyi wannan ne daga wani dattijo, lokacin da nake sabon malami. Na shafe awa biyu a tsaye a kan dutse, rana tana bayana, ban kama ko ɗaya ba. Da ya gaji da kallona sai ya ce, "Malam, kifin kake nema ko kuwa sallama ka zo yi masa?" Na ce, "Baba, ina ne kuskurena?" Ya nuna mini inuwata shimfiɗe a kan ruwa, daidai inda ƙugiyata take. Ya ce in koma wancan gefen, in zauna, in yi shiru. Kafin la'asar na kama uku.

Akwai wata hanyar fatsa da ba a amfani da tana ko kaɗan. Mai fatsa yakan ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, har ta yi kama da ƙwaro, ya ajiye ta a kan ruwa kamar ƙwaron ne ya faɗo. Bari mu kira wannan abu ƙwaron ƙarya. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin masuntan Makedoniya da suke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ƙara gashin zakara biyu. Yau ana yin ta sosai a Ingila da Amurka. A Amurka, masu koyo da yawa sukan fara ne da wani kifi mai suna bulugil, wanda siffarsa ta yi kusa da ta karfasa: faɗin jiki, ƙaramin baki, ƙaya a baya. Ba ya girma sosai. Mafi girman da aka rubuta an kama shi da ƙugiya, a Jihar Alabama a 1950, nauyinsa kilo biyu ne da 'yan kai. Duk da haka mutane suna ɗaukar shekaru suna koyon yadda za su yaudari manyansa, domin halinsu irin na babbar karfasa ne.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, cikin gashin da masu wannan sana'a suke saye da kuɗinsu a can har da gashin zabo, wanda muke sharewa a tsakar gida. Ɗigo-ɗigon da yake jikinsa yana kama da ƙafafun ƙwaro idan ya jiƙe. Saboda haka kayan aikin suna kusa da kai. Samo ƙaramar ƙugiya, baƙin zaren ɗinki, da gashin zabo guda ɗaya mai laushi. Naɗa zaren a jikin ƙugiyar har ya yi ɗan kauri kamar cikin tururuwa. Ɗaure kan gashin kusa da idon ƙugiya, ka zagaya da shi sau biyu, ka ƙulle, ka yanke saura. Na farkon da za ka yi zai yi muni. Kada wannan ya dame ka, kifi ba ya duba kyau.

Jifa ita ce wahalar. Ƙugiya mai tana tana da nauyi, ita take jan zare ta tafi da shi. Ƙwaron ƙarya kuwa ba shi da nauyi. In ka jefa shi yadda ka saba, a gabanka zai faɗi. A nan zaren ne yake da nauyi, shi yake ɗaukar ƙwaron. Masu kuɗi suna sayen sanda ta musamman, mai tsawon kusan mita uku, da zare mai kauri, da faifan naɗe shi. Amma a Japan akwai tsohuwar hanya da ake kira tenkara, wadda ba ta bukatar faifai: doguwar sanda ce kawai da zare a kanta. Ita ce ta fi kusa da gorar yaran Gurara, kuma da irinta za ka fara. Zaɓi busasshiyar gora mai laushin kai. Ɗaura mata zare mai ɗan kauri, daidai tsawonta, sannan ka ƙara siririn zaren roba mai kamu huɗu ko biyar, wanda kifi ba ya gani sosai. A ƙarshensa ƙwaron yake.

Fara gwaji a filin ƙwallon makaranta, da ɗan ƙyalle a maimakon ƙugiya. Ɗaga sandar da sauri har ta miƙe sama, ka tsaya. Wannan tsayawar ita ce duk sirrin, kuma ita ce kowa yake mantawa. Sai zaren ya gama miƙewa a bayanka sannan za ka turo sandar gaba a hankali. In ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawa. In zaren ya zube a ƙasa a bayanka, ka daɗe da yawa. Ajiye faranti a nesa, ka yi ta gwadawa har ƙyallen ya riƙa sauka a cikinsa ba tare da ƙara ba. Ranar da za ka sa ƙugiya ta gaske, sa hula, ka kuma duba bayanka, kada ka kamo kunnen ƙaninka.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da damina Gurara yakan cika ya yi ja, ya riƙa gudu da ƙarfin da babu mai iyo da zai iya da shi, duwatsun kuma su yi santsi. Kada ka kusance shi a lokacin, kuma ko da rani kada ka je kai kaɗai. Daga Disamba zuwa Maris ruwan yakan janye ya yi garau. Cikin hunturu kifi ba ya kuzari da asuba, sai hantsi ya dubi ludayi. Da bazara kuwa, sassafe da bayan la'asar sun fi. Idan ka isa, kada ka yi saurin jifa. Zauna na minti goma ka duba abin da yake faɗawa ruwa: fara ce, tururuwa ce, ko gina? Jefa ƙwaron ya wuce garken ƙananan, ka bar shi ya nutse a hankali. Babbar karfasa ba ta fizga. Za ka ga zaren ya ɗan motsa ne kawai, sai ka ɗaga sanda.

Akwai lokacin da babbar karfasa take da sauƙin kamu, kuma a nan ne ya kamata ka yi tunani. Idan lokacin haihuwa ya zo, namiji yakan haƙa ɗan rami kamar akushi a cikin yashi, ya tsaya yana gadi, ya kai wa duk abin da ya matso hari, har da ƙwaronka. A wani irin karfasa, mace takan kwashe ƙwai ɗaruruwa ta riƙe a bakinta, ba ta ci ba ta sha har su ƙyanƙyashe. A wani irin kuma, mai jan ciki, uwa da uba ne suke tsaron ƙwan tare a cikin ramin. Wanda ya cire su daga nan, ya bar ƙwan ga sauran kifaye. Bulugil ma haka yake gadin raminsa, kuma Amurkawa sun lura cewa tafkin da aka kwashe manyan mazansa yakan cika da ƙanana. Shi ya sa Jihar Minesota ta rage yawan waɗanda aka yarda mutum ya tafi da su a rana daga wasu tafkunanta. A ganina, namu hatsarin ya fi nasu, tunda a wasu kogunanmu ana su da gidan sauro, wasu ma har guba suke zubawa. In ka kama karfasa a kan raminta, jiƙa hannunka, ka zare ƙugiyar a hankali, ka mayar da ita. Kama ta daga wajen kai, ka kwantar da ƙayar bayanta da tafinka, domin sukarta tana da zafi.

Nazarin Harshe

Ka lura da yadda aka ba da umarni a cikin darasin: "Samo ƙugiya", "Zauna", "Ɗaga sandar". Idan umarni biyu suka biyo juna, na biyun yakan ɗauki "ka": "Jiƙa hannunka, ka zare ƙugiyar." Ga mace sai a ce "ki zare", ga jama'a ko babban mutum "ku zare". Hani kuwa da "kada" ake yin sa: "Kada ka je kai kaɗai."

Aiki

1. Me ya hana malamin kama kifi a awa biyun farko?
2. Bayyana bambancin jifan ƙugiya mai tana da jifan ƙwaron ƙarya.
3. Wane lokaci ake nufi da "hantsi ya dubi ludayi"?
4. Mayar da sakin layin da ya fara da "Fara gwaji a filin ƙwallon makaranta" kamar da mace kake magana.
5. Tambayi wani masunci a garinku sunayen kifaye biyar da Hausa da kuma harshenku, ka rubuto su.