Kai Jariri Wurin Kallon Wasa: Darasi Domin Uwa da Maigida

Wannan darasi naki ne, mai goyo, amma a karanta shi maigida yana kusa, da kaka in tana nan. Tambayar ita ce: in ana babban wasa, gari duk ya tafi kallo, za ki tafi da jaririnki ko za ki bar shi?

Wasanni suna da yawa. A Nijar akwai kokowar cin takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kowace shekara kuma wata jiha ce ke karɓar baƙi. Akwai dambe bayan kaka, akwai ƙwallo, akwai hawan salla a Kano da Katsina da Zariya. Har wasan tanis ana yin gasarsa a Kano, wadda ake kira Dala Hard Court. Kallo ba laifi ba ne. Matar da ta yi watanni tana fama da wanki da rashin barci tana da haƙƙin ta sha iska. Amma jikin jariri dabam yake da naki, abin da ke ba ki nishaɗi kuwa yana iya kai shi gadon asibiti.

Bari mu fara da tanis, ko da yake yawancinmu a talabijin muke ganinsa, domin masu shirya shi sun daɗe da yanke shawara a kan wannan magana. A gasar Wimbledon ta Ingila ba a barin yaron da bai kai shekara 5 ba ya shiga manyan filayen wasan. 'Yan kallo shiru suke yi in ana buga ƙwallo, kuma ba a tashi daga kujera sai 'yan wasa sun tsaya hutawa. Wasa ɗaya yana iya cin awa 3 ko fiye. Jariri bai san wannan doka ba. In ya ji yunwa zai yi kuka, in ya ɓata jikinsa sai an gyara shi nan take. Ga kuma rana. A gasar Ostareliya ta watan Janairu 2014 zafi ya wuce digiri 40 kwana 4 a jere. Wani ɗan wasa daga Kanada ya suma a fili, haka ma wani yaro mai tsintar ƙwallo. Waɗannan masu ƙarfi ne, ga ruwa da likita a gefensu. To, ina ga ɗan wata 2 da ke bayan uwarsa a filin kokowa, babu rumfa?

Zafi

Jariri yana ɗaukar zafi da sauri fiye da babba, kuma gumin jikinsa bai isa ya sanyaya shi sosai ba. Ba zai ce miki ƙishirwa yake ji ba. Ba zai iya matsawa inuwa ba. Shi ya sa ba a barin jaririn da bai kai wata 6 ba cikin rana tsaye.

Goyo abu ne mai kyau, amma ki lura da wannan. In kin goya shi da zane, kin ɗaura majanyi, kin kawo hijabi ko mayafi mai kauri kin rufe shi har kai, kin sa shi cikin ɗaki marar taga. Zafin bayanki yana dafa shi ta gaba, rana tana dukansa ta baya. Mafi muni, ba ki ganin fuskarsa. Uwa takan ce, "Ai barci yake yi, tun ɗazu bai motsa ba." Wani lokaci barci ne. Wani lokaci kuwa ya galabaita ne har ba shi da ƙarfin kuka. Saboda haka ki riƙa sauke shi kina dubawa. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Ki duba maɗigarsa, ko ta faɗa. Ki duba bakinsa, ko ya bushe. Jaririn da ke samun isasshen nono yana fitsari kamar sau 6 ko fiye a yini da dare. In fitsarin ya ragu ya yi ja, ruwan jikinsa yana ƙarewa.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sun ga zafi, sai su ɗura wa jariri ruwa. Kafin wata 6 nono kaɗai ne abincinsa, shi ne kuma ruwansa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da kika ba shi zai cika ɗan cikinsa ya hana shi tsotso, ruwan randa ko na leda da ake sayarwa a fili kuma yana iya kawo masa gudawa. Ke ce za ki sha ruwa da yawa, shi kuma ki ƙara masa nono, ko bai nema ba. In kin san za ki ji kunyar ba da nono a tsakiyar maza, wannan kaɗai ya isa dalilin zama gida.

Cututtukan taro

Iyayenmu da suka ce mai jego ta zauna gida sai ta yi arba'in sun yi hikima, ko da ba su san sunan ƙwayoyin cuta ba. Jariri sabon haihuwa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta, zazzaɓin da babba zai yi yawo da shi yana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ɗauko katin rigakafinsa ki duba. Allurar da ke kare shi daga tarin shiƙa da wasu cututtuka ana yin ta sau 3, yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ta ƙyanda, wato baƙon dauro, sai ya kai wata 9. Kafin nan ƙofa a buɗe take. Ƙyanda ta iska take bi. Mai ita zai yi tari ya tashi ya tafi, ƙwayar cutar ta zauna a iskar wurin har awa 2. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, kamar 9 za su kamu. Yana kuma yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, wato ba za ki gane shi da ido ba.

Sai sanƙarau. Lokacinsa rani ne, daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura, lokacin kuma da aka fi yin wasanni tun da an gama aikin gona. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2015 sai da aka rufe makarantu a Yamai saboda shi. Cunkoso da ƙura da tari su ne hanyarsa. In kin ji ana maganar ƙyanda ko sanƙarau a yankinku, kada ma ki yi shawara, jariri ba zai je taro ba.

Akwai kuma masu son yara. Kowa ya ce kawo shi in ɗauka, kowa ya sumbace shi, wani da mura, wani bai wanke hannu ba. Ki ce yana barci. Wanda ya ji haushi zai huce.

Ƙara da turereniya

Kunnen jariri yana lalacewa da ƙara mai ƙarfi, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Kalangu a kusa, lasifika, kakaki, bindigar 'yan tauri da 'yan bindiga a hawan salla, duk sun fi ƙarfinsa. Ga gwaji mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke ta ji ki, wurin ya yi wa jariri ƙara. Auduga a kunne ba ta tare komai sosai. Nisa ne magani.

Turereniya kuma ba ta sallama. A watan Fabrairu 2020 a Difa mutum 20 suka mutu wajen rabon kayan taimako, mata da yara ne. A watan Disamba 2024 a Ibadan yara 35 suka mutu a wurin wani bikin yara. In taro ya matse, wanda ke bayanki shi ake fara dannewa, ke kuma ba ki gani. Cikin cunkoso ki dawo da shi gaba, ki rungume shi a ƙirji, ki nemi gefe.

Ga masu ci-rani a Libiya

Da yawa cikin masu karanta wannan littafi suna da 'yan'uwa a Libiya, wasu ma da iyalinsu suka bi hanyar Agadas da Dirku har Sabha. Wasu suna aikin gona a Wadi Bawanis, wajen Tamanhint da Samnu da Zigan, arewa maso gabas da Sabha. Ku karanta musu wannan a waya. Can tsakiyar hamada ne. Daga Yuni zuwa Agusta zafin rana yana kaiwa digiri 40 har ya wuce, iska kuma a bushe take, gumi yana bushewa tun ba a gan shi ba, sai uwa ta ɗauka yaron bai ji zafi ba. Da hunturu kuwa rana tana faɗuwa sanyi ke sauka, jaririn da aka fita da shi da 'yar riga da la'asar yana iya sandarewa a hanyar komowa. Akwai kuma iskar gibli mai zafi da yashi, ranar da ta taso ba a fita da jariri. A wasu bukukuwan can ana harba bindiga sama don murna, harsashin da ya hau kuwa sai ya sauko. Ku yi nesa. Yaron da aka yi tafiya da shi sau da yawa allurarsa takan yanke. Ku adana katinsa kamar yadda kuke adana takardun tafiya, ku nemi inda za a ci gaba da yi masa.

To, a je ko kada a je?

Shawararmu ita ce, jaririn da bai cika wata 3 ba kada a kai shi babban taro, ko da a inuwa ne. Haka wanda aka haifa bakwaini, ko marar nauyi, ko mai mura ko gudawa. Daga wata 3 zuwa 9 zama gida ya fi, amma in ya zama dole, ki tafi da safe ko bayan la'asar, ki zauna a inuwa can gefe kusa da mafita, ki tafi da wata da za ta taya ki. Ki sa masa riga marar nauyi da hula, ki riƙe ƙyallaye da sabulu. Kada ki jira a tashi wasa, ki fita kafin jama'a su taso, ki kuma isa gida kafin sauro ya fito.

In za ki bar shi wurin kaka, ki wanke hannu ki tatsa nono a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, a ba shi da ƙaramin kofi kafin awa 4. Kaka, don Allah ban da ruwa, ban da zuma, ban da jiƙo.

Maigida, sau da yawa kai ne mai cewa a tafi, kai ne kuma mai babur. In ka kai su, kada ka ɓace cikin abokai. Uwar yaro ta san inda kake, kuɗin mota kuma ya kasance a hannunta.

In jikin jariri ya yi zafi a wurin taro, ku kai shi inuwa nan da nan, ku tuɓe masa kaya, ku shafe shi da ƙyalle mai ruwa, ba na ƙanƙara ba, ku yi masa fifita, a ba shi nono. In ya ƙi kama nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa, ku nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, ko sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara, alamar haɗari ce. Ɗan ƙasa da wata 3 da ya yi zazzaɓi ba a saya masa magani a shago, likita ne zai duba shi.

Ko kun dawo lafiya, ku ci gaba da lura har mako 2, domin ƙyanda takan yi kwana 10 ko fiye kafin ta nuna kanta. In zazzaɓi ya zo da jan ido da tari da majina, ku kawo shi tare da katinsa, ku gaya wa ma'aikacin lafiya wurin da kuka je da ranar da kuka je. Ku faɗa tun a bakin ƙofa, domin a ware muku wurin zama dabam da sauran jarirai.