YARON DA KE RIƘE DA KYAMARA: MENE NE HUKUNCIN KUƊINSA?



'Yan uwa, duk wanda ke zaune tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san daga shatale-talen Dangi ake shiga Zoo Road, matattarar 'yan fim. Yaran unguwanninmu da yawa can suke neman abinci, kuma akasarinsu ba ka taɓa ganin fuskarsu a talabijin ba. Wani kyamara yake riƙewa, wani sauti yake ɗauka, wani mai haske ne, wani kuma yini yake gaban kwamfuta yana tace hoto. A sahunmu suke salla. Tambayar da suke yawan yi mini a ɓoye ita ce: "Malam, kuɗin nan halal ne?"

Shi kansa wasan kwaikwayo, wato tamthil, malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Shaikh Bakr Abu Zaid ya rubuta littafi sukutum yana hana shi, saboda yana ganin ƙarya ce da kwaikwayon mutane. Shaikh Ibn Usaimin kuma ya yi sauƙi, da sharaɗin kada a saka haram a ciki, kamar namiji ya fito a mace ko a kwaikwayi Annabawa da Sahabbai. Ni ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini, domin mai kallo ya san wasa ne, ba a yaudare shi ba. Wanda ya ɗauki na farko kuma ba zan ce masa jahili ba.

Shi kuwa na bayan kyamara, babinsa a fiƙihu shi ne ijara, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi lada. Hukuncin ladan yana bin amfanin da aka yi da aikin. Kyamarar da ta ɗauki rawar maza da mata ita ce dai za ta ɗauki tafsiri. Ku tuna, tafsirin Shaikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello ta gidan rediyon Kaduna ya shiga ƙauyuka. Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun 2007, Allah Ya jiƙan su duka, amma har gobe muna jin karatunsa a waya. Wa ya ja waya ya kafa makirfo? Wa ya adana kaset ɗin? Ba mu san sunayensu ba, amma muna kyautata zaton suna da rabo a ladan.

To a nan nake da magana da mu masu wa'azi. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca, aka janye. Tsoron da suka ji yana da dalili, ban musa ba. Amma fim ya tsaya? Tun daga Turmin Danya a 1990 abin gaba yake yi. An kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, Arewa24 ta zo a 2014, yanzu ga YouTube a hannun kowace amarya. Mun hana ginin, ba mu tanadi komai a madadinsa ba. Yaro mai tarbiyya muka ce kada ya kusanci wajen, sannan muka dawo mimbari muna kukan abin da ake nuna wa iyalanmu. Ku saurari yadda sautin wa'azinmu yake fita a intanet, ƙarar janareto ta fi muryar malam, wallahi abin da ban takaici.

Ga wanda ke cikin sana'ar, abu na farko shi ne ka san aikin kafin ka karɓa. Nemi labarin ka karanta, ko a faɗa maka abin da ke ciki. In asalin aikin halal ne, kamar shirin lafiya, noma, tarihi ko dirama mai tsabta, kuɗinka halal ne. In aka zo fitowar da ka san saɓo ce, ka nemi a ɗauke maka ita. Wanda aikinsa kullum tace rawa da tsiraici ne, kada ya fake da cewa shi kwamfuta kawai yake dannawa, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo a farkon Suratul Ma'ida.

Sai lokeshan. Nan ne addinin yara ya fi zubewa: a haɗa Azahar da La'asar da Magariba saboda darakta yana gudun kada rana ta faɗi, ga keɓewa da mata, ga kwanan otal. Tun ranar farko ka faɗa musu kai kana tashi salla. Za a yi maka tsiya kwana biyu, daga baya a saba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba, shi ne haƙƙin ma'aikacin kansa. Sharaɗin ijara ne a san lada kafin a fara aiki. "Zo mu yi, in fim ya fita za mu ga abin da ya samu" ba ciniki ba ne, garari ne, kuma ƙaramin ma'aikaci ne ke kwana ciki. Furodusan da ya biya jarumi nan take ya bar mai haske yana zarya wata shida, ya ji tsoron Allah. Haka mu ma kwamitocin masallatai da muke sa yaro ya ɗauki tafsirin Ramadan kwana talatin, a sallame shi da "Allah Ya saka da alheri", alhali da kuɗinsa ya sayi batir da data.

Iyaye kuma, in yaro ya nuna sha'awa, ku kai shi ya koya a inda ake koyarwa. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa, ga ARTV da Rediyon Kano da Freedom Radio inda ɗalibai ke zuwa sanin makamar aiki. Ku dai tambaye shi wa yake bi, wane shiri suke yi, kuma ƙarfe nawa ake tashi.

Mas'alar fitowar mace a fim tana da nata tsawon, sai rubutu na gaba in sha Allah. Wallahu a'alam.