Yadda Ake Toshe Yoyon Tsohon Jirgin Ruwa na Alminiyam

Jirgin ruwa na alminiyam, irin wanda masu fito da ma'aikatan gwamnati ke aiki da shi a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Kainji, ba ya ruɓewa kamar na katako, ba ya kuma yin jan tsatsa kamar na baƙin ƙarfe. Saboda haka masu shi da yawa sukan ɗauka ba ya bukatar kulawa. Amma shekaru suna cinsa. Girgizar inji da bugun igiyar ruwa da jan jirgi a kan tsakuwa sukan sassauta ƙusoshin da suka haɗa fallayensa, waɗanda makanikai ke kira ribit, har ruwa ya sami hanya. Jirgin da ake kwalfewa sau biyu kafin a kai tsallake bai cancanci ɗaukar mutane ba.

Aikin farko shi ne gano ainihin wurin da ke yoyo, domin ruwa yakan bi gaɓa ya taru nesa da inda ya shigo. Sai a fitar da jirgin tudu, a ɗora shi bisa itatuwa, a bari bayansa ya bushe sarai, sa'an nan a zuba ruwa a cikinsa kamar zurfin santimita 10. Kada a cika shi. Kowace lita nauyinta kilo 1 ne, kuma an ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi daga waje. In an cika shi, gaɓoɓin da ke lafiya ma sai su buɗe. Mutum ya shiga ƙarƙashi da alli, ya kewaye duk inda ɗigo ya fito, a kuma karkata jirgin don a gwada gefe-gefe. Ƙusar da baƙin zobe ya kewaye kanta ta riga ta saki, ko da ba ta ɗiga ba tukuna.

Ƙusar da ta saki aikin mutum biyu ce. Ɗaya ya danne kanta da ƙarfe mai nauyi, ɗayan ya buga ƙarshenta daga ɗaya gefen da ƙaramar guduma, sau uku ko huɗu, a hankali. Bugu da ƙarfi lanƙwasa fallen zai yi. In ramin ya riga ya faɗaɗa, sai a huje tsohuwar, a sa wadda ta ɗara ta kauri, bayan an shafa gam na jirgin ruwa. Ribit na bindiga da ake sayarwa a kasuwa galibi akwai kafa a tsakiyarsa, don haka a nemi mai toshaffen gindi. Tsaga kuwa, a fara huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a goge wurin da samfefa, a ɗora facin alminiyam mai kauri daidai da na jirgin, da gam a tsakani, a jera ƙusoshi kewaye da shi.

A nan ne mafi yawan ɓarna ke aukuwa. Alminiyam da ɗan'uwansa kaɗai ake gyara shi. Idan jan ƙarfe, ko tagulla, ko baƙin ƙarfe ya zauna jikinsa cikin ruwa, wani ɗan lantarki yakan gudana tsakaninsu, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari, ya bar ƙananan huda. Noti na ƙarfe da aka sa don sauƙin kuɗi, bayan damina kaɗan zai bar ramin da ya fi na farko. Ko guntun wayar batir da aka manta a gindin jirgi yana wannan aika-aika. Kwalta da tsumma kuma, abin kaiwa gaci ne kawai. Suna ɓoye ciwon, su kuma wahalar da mai gyara daga baya.

Game da walda, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660 na ma'aunin Selshiyas, alhali siririn ɓawon da ke rufe da shi sai ya haura 2,000, kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai aiki kafin ya zube. Wanda ya saba da ƙofofin ƙarfe zai iya ɓula fallen nan take. A kai wa mai injin da ke aiki da iskar agon, a cire tankin mai tukuna, a kuma sani zafin yakan ƙone abin liƙin da ke cikin gaɓoɓin kusa.

Bayan gam ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa, a maimaita gwajin ruwa da alli, sa'an nan a gwada jirgin kusa da gaɓar ruwa ba tare da fasinja ba. Mai neman bayani kan ƙa'idodin fito da rigar ceto ya tuntuɓi ofishi mafi kusa na Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Lakwaja.