Kafin ku ce "gobe sai Damagaram"

Sana'ata canji, a Wapa nake zama cikin Fagge. Yawancin masu neman sefa a wurinmu fatake ne da suka san hanyar Nijar kamar yunwar cikinsu. Amma a 'yan shekarun nan akwai wasu sababbin baƙi: samari uku ko huɗu, ɗalibai ko ƙananan ma'aikata, da suka yanke shawara a daren Alhamis cewa za su ƙetara su yi Asabar da Lahadi a Damagaram, su dawo bakin aiki ranar Litinin. Ni ke sallamarsu ranar tafiya, ni kuma suke kawo wa ragowar kuɗi in sun dawo, saboda haka na san wuraren da lissafinsu yake ɓaci.

Ba hana ku zan yi ba. Daga Kano zuwa Damagaram kilomita 240 ne ko kusa da haka: Kazaure, Daura, Kongolam, a ƙetara Ɗan Barto, sai Matamaye. Garin kuma ya cancanci wahalar. Shi ne babban birnin Nijar a zamanin Faransa kafin a mayar da mulki Yamai a 1926. A unguwar Birni akwai fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimu, ga manyan duwatsu da gidaje suka kewaye, a Zango kuma ga tsofaffin gidajen attajirai masu zane a fuskar zaure. Yawancin wannan da ƙafa ake kallonsa, ba a biyan ko sisi sai ɗan ihsani ga wanda ya zagaya da kai. Tafiyar tana da arha da gaske, amma ga wanda ya riga ya tanadi kuɗin da ya dace da takardun da suka dace.

Mu fara da kuɗin, tunda nan ne fagena. Da yawa suna zuwa da labarin iyayensu, na lokacin da ɗan Najeriya yake shiga Nijar yana jin kansa attajiri. A 2014 jaka ɗaya ta sefa, wato 1,000, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi; naira ce aka saki a Yunin 2023 ta yi ƙasa. Don haka in mai masauki ya ce ɗakinsa jaka goma, kada kunnenka ya ji "dubu goma" ya kwanta. Mayar da shi naira tukuna, kana ka ce ka saya.

Sai ƙidaya, wadda ita ce ta fi kunyata yaranmu. A kasuwar Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. Hamsin 250 ce, ɗari 500 ce, sai an kai 1,000 a ce jaka. Wani yaro ya ba ni labarin yadda ya hau kabu-kabu daga tasha, suka yi ciniki arba'in. Da ya sauka ya zaro kwabon sefa 50 ya miƙa, ya tsaya jiran canjin goma. Mai babur ya juya kwabon a tafin hannunsa, ya dube shi ya ce, "Malam, daga Najeriya kake?" Sefa 200 ce kuɗin, kuma mutumin bai cuce shi ba. Duk adadin da aka faɗa maka da Hausa ƙasa da jaka, ninka shi sau 5. In ka rikice, ka ce a rubuta maka a waya, domin a rubuce sefa ake sawa.

Idan kun zo canji, kada ku karɓi 'yan 10,000 zalla don sun fi daɗin sawa a aljihu. Mai ƙosai ko mai kilishi ba zai fasa maka ita ba, za ka yi ta yawon neman canji har ka sayi abin da ba ka yi niyya ba. Ku nemi 'yan 500 da 1,000 da 2,000, ku duba kada a haɗa muku da yagaggiya. Ku kuma karanta sunan bankin da ke jiki. Sefa iri biyu ce: ta BCEAO, wadda Nijar da Binin da Togo suke kashewa, da ta BEAC ta su Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya a lissafi, amma mai shago a Damagaram ba zai karɓi ta Kamaru ba. An taɓa kawo mini irin wannan, wani ya karɓa a hannun abokinsa da ya dawo daga Garwa yana murnar ya tsallake ribar 'yan canji.

Ga wata magana da ba ta taimaki aljihuna ba: kada ku canja fiye da abin da za ku kashe. Farashin da muke sayarwa daban, wanda muke saye daban, in ka dawo da ragowa ka yi asara sau biyu. Kwabbai kuwa ba ma karɓa, ku kashe su can. Haka nan kada ku dogara da "bari in yi maka transfa". Mun saba da shi a nan tun ƙarancin takardun naira na 2023, amma can tsaba ake so. In kuɗi ya yanke, akwai kamfanonin aike irin su Nita da Amana, sai dai wannan mafita ce ta wanda ya shiga uku, ba tsarin tafiya ba ne.

Takardu ba fannina ba ne, amma kukansu a teburina ake yinsa. Najeriya ta rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da shiga da fita ba biza, to amma sanarwa daban, abin da za ka tarar a shingen jandarma daban. Ka riƙe fasfonka, a buga maka hatimin shiga, ka kuma tambayi direban da ya dawo jiya halin da ake ciki. Katin makaranta da katin zaɓe ba takardun ƙetare iyaka ba ne, ko da ka ji wani ya wuce da su.

Abin da ba ya yiwuwa cikin dare ɗaya shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Ƙa'ida ita ce sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je ka yi ta yanzu da ba ka da niyyar zuwa ko'ina, ka ajiye katin cikin fasfo. Wanda bai da shi, a kowane shinge sai ya sauka ya yi bayani, motar kuma tana jiransa, fasinjoji suna tsaki.

Masu cewa sai an sauko daga Juma'a za su kama hanya, magariba ce za ta riske su a bakin iyaka. Ku tashi da asubar Asabar, ku juyo Lahadi kafin azahar, kada dare ya yi muku a hanya. Kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton soja ko shinge ko ginin gwamnati. A fada ma a nemi izinin dogarai. Kuɗin komawa kuma a ware shi tun daga Kano, kashi biyu: sefa da za ta kawo ku Ɗan Barto, da naira da za ta ɗauke ku daga Kongolam zuwa gida. A sa su a aljihun da ba a taɓawa, ko an ga takalmin fata mai kyau a Kasuwar Dole.