Yadda ake samun raguna da yawa a garken gida

Duk mai tumaki a Nima ko Mamobi ya taɓa jin wannan: wai ka jiƙa wa tunkiya kanwa, ko ka kai ta barbara da asuba, sai ta haifa maka namiji. Na bi duka, na yi asarar kanwata. Maniyyin rago ne ke yanke namiji ko mace, kuma in ka ƙirga haihuwa da yawa kusan raba-daidai ake yi. A Amurka, tun 1989 aka gano yadda ake tace maniyyi da na'ura don zaɓar namiji ko mace, kuma yawanci masu shanun madara ne ke amfani da shi. A aladu ma abin ya ƙi yaɗuwa saboda yawan maniyyin da ake bukata, balle mu da garkenmu ke bayan ɗaki. Abin da ke hannunka shi ne lissafi.

Da farko, rago ɗaya ya ishi tumaki 20. Ka ajiye biyu, sai karo da ɓarnar dusa.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan na sha wuya. Tunkiya wata 5 take ɗaukar ciki. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce sai rago ya cika shekara ya isa layya. Ke nan ragon da za ka sayar a Babbar Sallar baɗi, dole a haife shi kafin ta bana, a yi barbarar uwarsa kafin watan azumin tsofaffi ya kama. Da watan Musulunci za ka ƙirga, ɗan'uwa. Sallah tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. Ni da na bi kalandar bature, raguna uku na riƙe da ba su cika shekara ba, ina kallo maƙwabta na ciniki.

Tunkiya takan nemi rago duk bayan kwana 17, kuma ba ta hayaniya irin ta akuya; sai dai ka ga tana bin sa tana kaɗa wutsiya. Kada ka tsaya gadi. Haɗa su kwana 35, zagaye biyu ke nan, sannan ka raba. Kafin nan kuwa, ɗaure ta! Tunkiyar da ke yawo a lungu, ragon kowa na iya hawanta, lissafinka ya rushe. In wuri ya yi maka kaɗan, ɗaura wa ragon ƙyallen buhu a ƙasan ciki.

Na uku, raba 'yan raguna da iyayensu da sun kai wata 4, don tun suna ƙanana suke fara hawa. Uban garke kuma a sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa.

Matan da suka yi yawa fa? Zaɓi masu haifar tagwaye ka riƙe, sauran ka sayar, ka hau mota zuwa kasuwar Tulaku a Ashaiman bayan Sallah, lokacin da farashi ya faɗi, ka sayo 'yan raguna. Nawa na biya bara na manta, amma bai kai rabin kuɗin na Sallah ba. Baƙon rago ya yi mako biyu a keɓe, a yi masa allurar rigakafin cutar PPR. Ɓawon rogo kuma, don Allah, a shanya shi ya bushe sarai kafin a zuba masa. Ɗanyensa na kisa.