Tauraruwa Mai Wutsiya: Sunanta da Ainihin Jikinta

A matsayinmu na ɗaliban harshe, mun san cewa Bahaushe kan raɗa wa abu suna gwargwadon yadda idonsa ya gan shi. Duk wanda ya dubi arewa maso yamma daga Dutse Uku bayan magariba a watan Afrilun 1997, lokacin da Hale-Bopp ta bayyana, zai yarda sunan "tauraruwa mai wutsiya" ya dace. To amma ido kawai sunan ya gamsar.

Tauraruwa ta ainihi da kanta take ba da haske, kamar rana. Wannan kuwa dunƙulen ƙanƙara ne cuɗe da ƙura da tsakuwa, hasken rana yake haska ta. Mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙanƙara, ya sha jin ƙararta a kan kwano da damina. Sai dai a nan, ban da ta ruwa, akwai daskararrun iskoki irin su kabon dayoksaid da amoniya. Fred Whipple, wani masani Ba'amurke, shi ya fito da wannan bayani a 1950. A 1986 kumbon Giotto ya ɗauki hoton cibiyar tauraruwar Halley: tsawonta kamar kilomita 15, faɗinta 8, kuma baƙa ƙirin kamar gawayi. Wadda kumbon Rosetta ya isa a 2014, wato 67P, cikinta duk ramuka ne, har nauyinta bai kai na ruwa mai girmanta ba.

Idan ta kusanci rana, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa. Kai tsaye take komawa tururi, ya kwaso ƙura, su lulluɓe cibiyar kamar hazon hunturu. Daga hazon nan wutsiya biyu ke fita: ta ƙura mai ɗan lanƙwasa, da ta iskar gas miƙaƙƙiya mai shuɗi-shuɗi.

A ganina, nan ne kalmar "wutsiya" ta fi ruɗar da mutum. Wutsiyar doki a baya take kullum. Wannan kuwa haske da ƙwayoyin da ke kwararowa daga rana ne ke tura ta, saboda haka kodayaushe nesa da rana take nufa. Idan tauraruwar ta juya za ta koma, wutsiyar ce a gaba. Halley za ta dawo a 2061.